Masassarar tsuntsaye ta tsallaka zuwa teku

Jama'a, cutar da muka sani da masassarar tsuntsaye ba ta tsaya ga kaji ba. A shekarar 2023 ta kashe dubban dabbobin teku masu shayarwa a gaɓar Peru, Chili da Ajantina, bayan sun kamu daga tsuntsayen daji. A 2024 ta shiga shanun nono a Amurka, har wasu masu tatsa suka kamu.

Kada mu ce teku na da nisa. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura na sauka a tafkunanmu kowane sanyi. Ba mu manta da 2006 ba, lokacin da cutar ta ɓulla a Magariya, aka kashe kaji, ƴan kasuwa suka yi asara.

Don haka ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'ar kaji da zabi, kazar da ta yi laushi kada a yanka ta a sayar da araha. Wadda ta mutu a binne ta, a wanke hannu da sabulu, a sanar da ma'aikatan kiwo. Su kuma mahukunta su biya diyya da wuri. Wanda ya san zai tashi hannu banza, ɓoyewa zai yi.

Allah Ya kiyaye.