RA'AYINMU: A Bar Matuƙi Ya Duba Jirginsa

Shekara da shekaru ƙananan jiragen sama na mishan suna kai likitoci, magani da marasa lafiya wurare masu wuyar zuwa, irin su asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar. Filayen saukarsu galibi gajeru ne, na ƙasa, ba hasumiya, ba motar kashe gobara. Saboda haka in jirgi ya kauce wajen sauka, jama'a kan ce iska ce, ko kuwa tsautsayi. A ganinmu, sau da yawa hatsarin tun kafin a tashi aka ɗauko shi.

Ku dubi abin da matuƙin kirki ke yi. Yana zagaya jirgin da ƙafa, ya duba tayoyi da birki, gama birkin da mansa ke yoyo ba ya nuna halinsa sai an sauka a gajeren fili. Yana buɗe tanki ya ga man da idonsa, ba ya dogara ga allura kaɗai. Ya kuma tsiyayi kaɗan a kwalba, domin ruwa ya fi man jirgi nauyi, ƙasa yake kwanciya, in kuwa ya kai inji sai injin ya mutu. Akwai kuma wani siririn bututu a jikin fiffike wanda ke auna gudun jirgi. Zanzaro, wannan da ke gini a ɗakunanmu, yana iya toshe shi da laka. Matuƙin da bai san gudunsa ba, yaya zai sauka lafiya?

Wannan horo da rayuka aka saye shi. Ran 30 ga Oktoba 1935, a Dayton ta Amurka, wani sabon jirgin Boeing ya faɗi da tashinsa, mutum 2 suka mutu. Gwanaye ne ke ciki, amma an manta ba a cire makullin da ke riƙe sassan sarrafa jirgin ba. Bayan nan ne aka soma rubuta jerin abubuwan dubawa, ana bi ɗaya bayan ɗaya.

Roƙonmu ga fasinjoji ne, har da shugabannin ikkilisiya masu saurin zuwa taro. Kada a tsaya wa matuƙi a ka ana duban agogo. In ya auna kaya ya ce buhu ɗaya ya yi yawa, a sauke shi ba gardama. In kuma ya ce yau hazo ya rufe filin da za a sauka, a aika wa masu taron su jira gobe.