Teku na tasowa, kuma ƴaƴanmu ke kwana a bakinsa

Tsakanin Alakoss, a ƙasar Gure ta Nijar, da bakin teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 1,000. Dattawa da yawa a ƙasar Gure sun rayu har sun koma ga Allah ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina girma ba. Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan wanda rairayi ke binne wa gona da zancen tumbatsar teku? Da ruwansa ƙwarai. Shinkafar da ke tukunyarsa ta bakin teku ta shigo, ɗansa da ya tafi ci-rani bayan girbi kuma a bakin tekun yake kwana.

A rahoton da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2021, an nuna cewa daga 1901 zuwa 2018 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, wato kusan taƙi guda. Saurin ƙaruwar ne abin lura. Daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 yake hawa a shekara, amma daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hayaƙin gawayi da fetur da gas ya riƙe zafi a sararin samaniya, teku kuma ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na wannan rarar zafi. Ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi, kuma wannan kaɗai ya kawo kusan rabin ƙaruwar da aka gani tun 1971. Mafi yawan ragowar daga narkewar ƙanƙarar manyan duwatsu ne da ta Girinlan da Antatika.

Wanda ya ji ana maganar milimita zai raina abin, kuma nan ne ake yin kuskure. Ba a ranar da teku ke kwance yake cin gida ba. Akwai ranar da abubuwa ke haɗuwa: cikar teku ta sabon wata ko ta tsakiyar wata, lokacin da wata da rana suke jan ruwa tare, ga iska mai ƙarfi tana turo shi gaɓa, ga manyan igiyoyin da guguwar kudancin Atlantika ta taso da su tun daga nesa. Mu mutanen karkara mun san tabkin da ya riga ya cika: yayyafi kaɗan ya isa ya tura shi cikin gidaje. Taƙin nan guda ya ɗaga inda kowace igiya ke farawa. Shi ya sa rahoton ya ce tumbatsar da a da sai bayan shekara 100 ake ganin irinta, nan da 2100 za ta riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara a fiye da rabin wuraren da ake auna teku.

A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa, hannun ɗan Adam ya ƙara wa abin muni. Igiyar ruwa a can tana kwashe yashi daga yamma zuwa gabas. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta tare yashin da kogin Volta ke kai wa gaɓa. Tashar jiragen ruwan Kwatano ta 1965 da ta Lome ta 1968 sun tare wanda ke tafiya a gefen teku, sai yashi ya taru a yammacinsu, gabashinsu kuma ya shiga zaizayewa. Tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho teku ya cinye ta, unguwannin gabashin Kwatano sun rasa gidaje jere-jere. A Legas ƙasar kanta nitsewa take yi a wasu unguwanni, saboda cike fadama da yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. A watan Agustan 2012 teku ya afka wa masu zama a bakin ruwan Kuramo da dare, aka yi asarar rayuka. A Nuwamban 2021 ya raba dubban mutane da gidajensu a yankin Keta na Gana. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku, da zaizaya da ambaliya da gurɓata, ta ci wa Benin da Togo da Kwaddibuwa da Senegal dala biliyan 3.8 a 2017 kaɗai.

To, wa ke zaune a wuraren da ruwa ke fara shiga? Ba mai kuɗi ba. Saurayin da ya bar Alakoss da jakar leda da kuɗin mota na rance, in ya isa Kwatano ko Legas ko Abijan, ba ya samun ɗaki a kan tudu. Inda haya ke da araha yake sauka, bakin fadama ko bayan kasuwa, su shida ko bakwai a ɗaki ɗaya na langa-langa. Teburin shayinsa da buhun kayansa a kan bulo suke, an ɗaga su daga ƙasa, bangon kuma ya yi fari da gishiri har gwiwa. Idan teku ya cika a daidai lokacin da ake ruwan sama, magudanan gari ba su da inda za su zubar, sai ruwan ya dawo da ƙazantarsa cikin ɗaki. Daren nan ba barci. Washegari ba ciniki, kuɗin da uwarsa ke jira don sayen hatsi a tsakiyar damina kuma ba zai zo ba. Wannan yaron ƙarancin amfanin gona ne ya kore shi daga gida, kuma zafin da ke ƙara wahalar da noma a nan shi ne ke kumbura ruwan da ya same shi a can.

Batun kaya kuma mun ɗanɗana shi. Da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowace mace mai cefane a Damagaram ta ji abin da nisan tashar ruwa ke nufi, don sai da kaya suka riƙa zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Wancan rikicin siyasa ne, ana iya zama a sasanta. Teku ba ya zaman sulhu. Bututun man Agadem mai tsawon kusan kilomita 2,000 a Seme yake ƙarewa, gabas da Kwatano, a ɓangaren gaɓar da ke fama da zaizaya. Arzikin da muke sa rai a kansa a can yake hawa jirgi.

Ina ganin ba daidai ba ne hukumominmu su ɗauki wannan a matsayin matsalar masu teku. A Yamai cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET take, haka ma ACMAD mai hasashen yanayi don Afirka baki ɗaya. Ƙasar da ke masaukin irin waɗannan cibiyoyi bai kamata ta yi shiru ba idan ana maganar ƙarancin na'urorin auna teku a gaɓar Afirka, domin ba a shirya wa tumbatsar shekara 100 da awon shekaru kaɗan. Duk yarjejeniyar da za mu ƙulla kan tashar ruwa ko hanyar kaya, a tambayi yadda tashar da hanyar za su kasance nan da shekara 30. Ofisoshin jakadancinmu a biranen gaɓa su haɗa kai da sarakunan zango, a san unguwannin da mutanenmu suka fi yawa da waɗanda ruwa ke ci, a kuma riƙa isar musu da gargaɗin cikar teku da Hausa ta WhatsApp, inda dama suke sauraron saƙonnin gida. Gidajen rediyon karkara na ƙasar Gure su ma su faɗa wa samari wannan tun a watan girbi, kafin su hau mota.