A KOYA MANA KASHE GOBARA TUN BA TA TASHI BA

Maganarmu ta wannan fitowa a kan gobara take, da mutanen da ke kashe ta. Muna roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya karanta ma waɗanda ba su yi lakwal ba, a rumfa da tasha da ƙofar gida, domin wuta ba ta tambayar ko mutum ya iya karatu.

Duk shekara, da ruwa ya ɗauke, aka yanke hatsi, aka jibge kara da harawa bisa rufin ɗaki, hunturu ya taso da iskarsa, to mun shiga watannin gobara ke nan. Kowa ya san haka, kamar yadda kowa ya san ranar kasuwar garinsu. Amma duk shekara sai ta same mu kamar baƙon da bai aiko ba.

Bari mu tuna ma juna abin da ya wuce. Ran 30 ga Maris 1982 babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus, ba a sake buɗe ta ba sai a 1987. A 2009 wuta ta sake shiga cikinta. A 2012 ƙaramar kasuwar Yamai ta bi sahu. Daren 6 ga Mayu 2019 wata motar esansi ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru da bidon da bokiti suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka mutu a wurin, wasu kuma suka cika daga baya a asibiti. Ran 13 ga Afrilu 2021 azuzuwan zana suka kama wuta a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai, yara 20 suka rasu. Wata 7 bayan haka, ran 8 ga Nuwamba 2021, aka sake irin wannan a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasu, 'yan shekara 5 zuwa 6. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Bayan kowace ɗaya daga cikin waɗannan masifu, magana guda ake ji a bakin jama'a: a sayo motocin kashe gobara. Gaskiya ne, muna bukatar motoci, kuma ba za mu daina nemansu ba. Amma fa mota ƙarfe ce. Kadan babu wanda ya san aikinta, da ita da kwantai duk ɗaya ne.

Mu yi lissafi irin na allo. A ce mota ta ɗauko lita 3000 na ruwa, tiyo guda kuma yana fitar da lita 500 a minti. To minti 6 ke nan ruwan ya ƙare. Wanda bai koyi aikin ba, zai watsa lita 3000 ɗin nan kan harshen wuta inda ya fi ja, ruwa ya ƙare, wuta ta ci gaba da abinta. Wanda ya koya kuwa, kafin ya buɗe tiyo sai ya dubi inda iska ke kaɗawa, ya tambaya ko akwai rai a ciki, ya sa a yanke lantarki, sa'an nan ya tare gaban wutar, ya jiƙa rumfunan da ba ta kai gare su ba, ya bugi gindinta. Tun yana hanya kuma ya riga ya san inda zai sake cika mota. Ruwan ɗaya ne, motar ɗaya ce. Abin da ya raba mutum biyun nan shi ne horo.

Wuta tana zaune ne bisa duwatsu uku kamar tukunya bisa murhu, watau abin da za ta ci, da zafi, da iska. Ka janye ɗaya, tukunya ta kife. Ruwa yana ɗauke zafi. Rairayi da bargo da kumfa suna toshe mata iska. Janye kara da rushe rumfa guda a gabanta yana hana ta abinci. Aikin mai kashe gobara shi ne ya san wane dutse zai janye, domin ba kowace wuta ce ke jin ruwa ba. Esansi da gazuwal da man tuya sun fi ruwa rashin nauyi, in ka zuba masu ruwa sai su hau kansa su bi shi duk inda ya gangara. Wutar da ke kan waya mai lantarki, in ka watsa mata ruwa kai ne za ka faɗi. Tururin esansi kuwa ya fi iska nauyi, yana rarrafe bisa ƙasa ba a ganinsa, har ya kai ga mai taba ko mai tada babur can nesa. Wannan ne ya sa duk wanda ke tsaye kusa da motar mai da ta kife yake cikin wuta tun ba ta tashi ba. Abin da ya faru a Yamai a 2019 ya sake faruwa ga maƙwabtanmu na Majiya a jihar Jigawa a watan Oktoba 2024, inda fiye da mutum 150 suka hallaka.

Kakanninmu sun san gobara, kuma suna da dabararsu. Da an yi kururuwa sai gari ya fito gayya, mata da tuluna, maza da ƙasa da ɗanyen reshe, a yaye jinkan maƙwabta don kada ta tsallaka. Dabarar nan ta yi daidai da garin kara da zana. Yau kasuwanninmu cike suke da katifar soso da leda da roba da tukwanen gaz da wayoyin lantarki da aka ja ta kan rumfuna. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, motocin mai suna ratsa garuruwanmu dare da rana. Wutar ta sake kama, tilas ne ilmin kashe ta ya sake.

Saboda haka muna neman horo iri uku.

Na farko, horon 'yan kwana-kwana su kansu, waɗanda muke ce ma pompiye. A ƙasarmu sojoji ne, kuma ana kiransu a lamba 18. Mutane ne da ke shiga inda kowa ke gudu, wajibi ne mu girmama su. Amma koyon da aka yi ma mutum sau ɗaya ranar da ya shiga aiki ba ya isarsa har tsufa. Hannu yana mantuwa. Dole ne a riƙa maimaita jan tiyo, da kafa tsani, da shiga ɗaki mai hayaƙi da tukunyar numfashi a baya, da fidda wanda ƙarfen mota ya danne, da sauka rijiya, har abin ya zama jiki. Dole a koya masu ceto cikin ruwa, domin a daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Dole kuma kowace bariki ta sami makanikenta da ya ƙware, domin sau da yawa abin da ke kwantar da babbar mota ɗan ƙaramin ƙarfe ne. Sa'an nan muna so su san garin da suke tsaro kamar tafin hannunsu, wace ƙofar kasuwa ce mota ke iya shiga, wane famfo ne ke da ruwa, wane tabki ne ba ya ƙafewa da rani. Wannan ba a koyonsa cikin bariki, sai an fito an taka da ƙafa.

Na biyu, horon mutanen da wuta ke fara samu. Ƙasarmu tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Ko da an ninka motocinmu sau goma, akwai kasuwannin da mota ba za ta kai ba sai toka ta huce. Ajin zana kuwa cikin 'yan mintoci yake ƙarewa. To wa ke wurin a mintocin nan? Mai gadin kasuwa, da ɗan garuwa, da ɗan dako, da ɗan kabu-kabu, da mai tuyar ƙosai, da malamin lakwal. Su ne 'yan kwana-kwana na fari, ko sun so ko sun ƙi. Abin da ya kamata su sani bai fi a koya cikin 'yan kwanaki ba. Hayaƙi yakan kashe mutum kafin harshen wuta ya taɓa shi, don haka a duƙa a fita da rarrafe. Wanda tufarsa ta kama wuta kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna, a kwarara mata ruwa mai sanyi har minti 20, kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge haƙori, kada a fasa bororo. Mai zubar jini, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Wanda mota ta buge, kada a fizge shi ta hannu da ƙafa, wuyansa na iya zama a karye. Wanda numfashinsa ya tsaya, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura masa iska sau 2, a yi ta maimaitawa har taimako ya zo, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. Karantawa a takarda ba ta isa ba, sai an gwada da hannu gaban wanda ya iya. Kuruwa Ruj ta Nijar, wadda aka kafa tun 1963, tana koyar da taimakon farko. A neme ta.

Mu malaman lakwal, kaso mafi nauyi namu ne. Yaron da ya ga wuta ba ƙofa yake nufa ba, ƙarƙashin tebur yake shiga ko ya maƙale a lungu. Ba zai fita cikin layi ba sai in ya saba fita cikin layi. Bayan gobarar Maraɗi gwamnati ta hana sa 'yan rainon yara cikin azuzuwan zana. Madalla. Amma duk inda ajin zana ya rage, a yi masa ƙofa biyu, a raba shi da na kusa da shi, a hana hura wuta a gefensa, a aje ruwa da rairayi, kuma sau ɗaya a wata a kaɗa ƙararrawa a fitar da yara, a ƙidaya su da suna a tsakar fili.

Na uku, horon jama'a gaba ɗaya, kuma a nan sai mun gaya ma kanmu gaskiya. Mota tana jiniya, mu kuwa mun cika hanya muna kallo. An shata hanya cikin kasuwa, mun kafa tebur a kanta. Ba a kira lamba 18 sai wuta ta gagara, in sun iso kuma a tare su da zagi wai sun makara. Akwai ma marasa kunya da ke kiran lambar don wasa. Mutumin da ya zo ceton dukiyarka, in ba ka taimake shi ba, to ka ba shi hanya.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce gobara ƙaddara ce. Mun yarda, kome na Allah ne. Amma wanda ya yarda da ƙaddara bai fasa kulle shagonsa da dare ba, bai fasa yi ma gonarsa shinge ba. Waɗansu za su ce babu kuɗi. To a auna kuɗin koyar da mutum 20 na mako guda da kuɗin rumfa guda ta 'yan atamfa, a ga wanne ya fi. Waɗansu kuma za su ce koya ma talaka kashe wuta dabara ce ta sauke ma hukuma nauyinta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa muke faɗi da babbar murya cewa bokitin ɗan garuwa ba ya maye gurbin bariki da mota da famfo. Talaka zai riƙe mintocin farko, sauran aikin na hukuma ne, kuma za mu ci gaba da binta bashinsa. Al'ummar da ta ce ta iya riƙon kanta, lalle ne ta iya tsare kasuwarta da 'ya'yanta da hannun 'ya'yanta.

Ga abin da muke so kowane reshe ya yi kafin fitowa ta gaba.

1. A zauna da sarkin kasuwa da sarkin tasha da masu unguwa, a fidda mutum 20 masu ƙarfi da hankali, maza da mata, a rubuta sunayensu. Kada a duba ɗan wane ne ko ra'ayin wa yake bi.

2. A rubuta takarda zuwa ga hukumar gari da barikin 'yan kwana-kwana mafi kusa, a roƙi a aiko wanda zai koya masu, a sa rana. In ba a amsa ba a sake rubutawa, a tafi da ƙafa.

3. A zaga kasuwa a ƙidaya ƙofofinta da famfunanta da rijiyoyinta, a zana bisa takarda, a ba 'yan kwana-kwana ɗaya, a aje ɗaya wurin sarkin kasuwa.

4. A buɗe hanyoyin da aka toshe, a aje ganga ta ruwa da tarin rairayi a bakin kowane layi, a nisanta masu sai da esansi a kwalabe daga masu tuya da masu shayi.

5. Rassan arewa, wajen Dakwaro da Abalak da Tanut, su sa hannu ga share hanyoyin tare wutar daji tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, su kuma ja kunnen masu barin garwashi a zango.

6. Kowane uba da kowace uwa su je lakwal su tambayi malam yaushe aka gwada fitar da yara.

Reshen da ya gama ya aiko mana da labari, za mu buga sunan garinsu don na baya su yi koyi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sun kuma ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa ma naka ruwa. Na Yamai ya kama, na Maraɗi ya kama. Allah ya tsare mu da garuruwanmu, ya ba mu ikon yin abin da ke wuyanmu. Haza wassalam.