Uwar Miji Ta Fara Mantuwa: Cuta Ce, Ba Maita Ba

Kwanakin baya wata mai cikin wata bakwai ta zo mana awo daga wani ƙauye kusa da Tsamiya, a ƙaramar hukumar Bagudo. Da na auna ta sai na ga jininta ya hau. Na tambaye ta ko tana samun barci, sai ta fashe da kuka. Ta ce uwar mijinta, wadda a da take riƙe da ita kamar 'yar cikinta, yanzu kullum sai ta zarge ta da satar kuɗin da ta ɗaure a bakin zane. Da magariba kuma sai ta ƙulle kayanta, wai za ta gidan babanta a Segbana cikin Jamhuriyar Benin, alhali ya rasu da daɗewa. Har maƙwabta sun soma raɗa cewa mayya ce.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Wannan da muke kira gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'in da ya fi yawa tun 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke fama da ita a 2021, fiye da rabinsu a ƙasashe masu tasowa irin tamu. Kuma ba kowane tsoho ke yin ta ba.

Cutar takan fara cinye abin da ya faru yau da jiya, ta bar na ƙuruciya. Tsohuwa ta ajiye kuɗi ta manta, ta duba ba ta gani ba, sai ta zargi wadda ta fi kusa da ita. Shi ya sa take neman gidan iyayenta, wani lokaci ma ta bar Hausa ta koma yaren garinsu. Rikicin yakan ƙaru da yamma, idan duhu ya soma kuma jiki ya gaji.

Ke matar ɗa, kada ki yi musu da ita. Ki ce, "Inna, zo mu nema tare." Idan ta ce za ta gida, ki zaunar da ita, ki tambaye ta labarin garinsu, ki ba ta ɗan aiki kamar tsintar shinkafa. A duba ko yunwa ce, ko ciwo, ko fitsari ya matse ta. Ba a ɗaure ta, ba a duka. A sanar da maƙwabta da 'yan acaɓa, domin a yankinmu akwai kogin Neja, ga kuma iyaka kusa. Tsohuwa na iya ɓata cikin sa'a guda.

Idan kin haihu, a bar ta ta riƙe jikanta tana zaune, wani na kusa. Amma kada a bar mata ruwan wankan jego, ko wuta, ko ba jariri magani. Ba raini ba ne, kariya ce gare su duka.

Kai kuma maigida, da kai nake. Jinyar mahaifiyarka a wuyanka take kafin ta zama a wuyan matarka. Mai ciki na bukatar hutu da barci. Ka raba kwana da 'yan uwanka maza da mata. Hawan jinin da ba a kula da shi ba na iya kai mai ciki ga jijjiga, kuma hawan jini na cikin abubuwan da ke jawo irin wannan mantuwa idan girma ya zo.

A kawo tsohuwa asibiti. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaggauta, domin tana iya zama zazzaɓi, ciwon mafitsara ko suga, kuma ana magance su. Wadda ta zo a hankali ba a samo maganin warkar da ita ba tukuna, amma akwai taimako a Birnin Kebbi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Ita ta goya mu a lokacin da ba mu san komai ba. Allah Ya ba mu haƙurin riƙe iyayenmu, Ya sauki masu ciki lafiya, amin.