Gadon Amarya a Labaranmu

'Yan'uwa marubuta, mu duba irin jeren da muke yi wa amare a labaranmu: gado daga Dubai, kujeru daga Turkiyya, labule daga Sin. Budurwa a Rawayau ta karanta a wayarta ta ƙwallafa rai, gobe mahaifinta ya sayar da shanun huɗa don ya fita kunya. Abin da kuɗinsa zai saya kuwa sau da yawa garin katako ne da aka danne da gam, sheƙi kawai. Damina biyu, ya sha danshi ya kumbure.

A Amurka, mutanen Amish na jihohin Ohayo da Fensilbaniya sun yi suna wajen ƙera kayan ɗaki na katako zalla, waɗanda jika ke gada daga kaka. Mu ma muna da irin wannan. Turmin ƙirya da akushi sukan daɗe fiye da masassaƙinsu, kuma kafintan Dutsin-Ma ko Kurfi zai haɗa gadon maɗaci mai ƙarko, in ya girgiɗe ya gyara.

Ƙarkon nan rahama ne ga daji. Madobiya ta sha sara ana lodinta zuwa Sin, har aka taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe a 2017. Gado ɗaya na shekara talatin ya fi guda biyar da za a yar.

Alƙalaminmu ke koya wa masu karatu abin sha'awa. Mu rubuta amaryar da ke alfahari da aikin kafintan garinsu, da uban da ya aurar da 'yarsa ba bashi a wuyansa.