Marubutan littattafan yaƙi, ku kawo jarumanku tashar jirgin Kano

A kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda dillalai suka daɗe suna sarin littattafan Hausa su kai Katsina da Sakkwato har Maraɗi, littattafan soyayya ne suka yi suna, kuma a kansu malaman jami'a suka yi ta muhawara. Amma a kan teburan nan akwai wasu da ba a cika zancensu ba: littattafan yaƙi, masu hoton ƙato riƙe da takobi a bango, na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har gaba da haka. Samarin Fagge da yaran shago na Kantin Kwari su ne manyan masu karanta su. A cikinsu na tashi, a shagon hayar littattafai na saba da waɗannan labarai, kuma har gobe ina ganin an raina wannan adabi fiye da kima.

Wanda bai taɓa bin irin wannan labari ba yakan ɗauka wayon ɗan kasuwa ne kawai, a yanke labari a tsakiyar artabu don a sake sayar maka da wani. Akwai wannan, ba na musu. Sai dai ba shi ne ke riƙe mai karatu shekara da shekaru ba. Wanda ya bi Mazan Jiya ko Kundin Tsatsuba na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya san cewa duniyar labarin ce ke kama mutum. Ka san sarakunanta da bokayenta, ka san wane makami ke cin wane, ka san wanda ke bin wani bashin jini tun littafin farko. Buɗe sabon kashi tamkar komawa garin da ka taɓa zama ne. Jiran ma yana da nasa daɗin, domin a tsakanin fitowar wani da wani ne ake gardama a majalisa kan yadda jarumi zai kuɓuta. Kuma abin yana da asali: Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun 1934, Magana Jari Ce mai littafi uku, Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga Dare Dubu da Ɗaya da kakanninmu suka sha saurara.

Ƙorafina ɗaya ne. Yawancin waɗannan labarai suna faruwa ne a wasu birane masu sunaye irin na Larabawa, a wani zamani da ba shi da shekara. Jarumin bai taɓa shiga ta Ƙofar Mata ba, bai san Kurmi ba. Alhali Muhammadu Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya nuna hanya tun farko: Ganɗoki da Turawan mulkin mallaka ya fara gwabzawa, a ƙasar da mai karatu ya sani, kafin ya faɗa duniyar aljanu. Umaru Dembo kuma, a Tauraruwa Mai Wutsiya ta 1969, yaro Bahaushe ya ɗauka ya kai sararin samaniya. Mun bar waɗannan hanyoyi biyu ciyawa ta rufe su.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani salon labari da suke kira steampunk, sunan da marubuci K. W. Jeter ya raɗa masa a 1987. Marubuci yakan koma zamanin injin tururi, lokacin da gawayi da tafasasshen ruwa ke tuƙa jirgin ƙasa da na ruwa, ya tambayi kansa: da tarihi ya bi wata hanya fa? Sai a ga jiragen sama masu kumburarren buhun iska, da mutum-mutumin tagulla mai tafiya da ƙafarsa. An fi kafa irin labaran a Landan. Amma P. Djèlí Clark ya kai nasa Alƙahira ta 1912, a jerin labaran da ya fara a 2016, har littafinsa A Master of Djinn na 2021 ya ci kyautar Nebula. A duniyarsa aljanu sun fito fili suna zaune da mutane, suna ƙera injuna, kuma da taimakonsu Masar ta kori Ingila ta zama ƙasa mai ƙarfi. Jarumar mace ce mai binciken laifuka a wata ma'aikatar gwamnati da ke kula da lamuran gaibu. Da na karanta shi, Fagge ce ta yi ta zuwa mini a rai.

Ku duba abin da muke da shi. Turawa sun ci Kano a 1903. A 1911, zamanin Sarki Abbas, layin dogo ya iso. Ga Fagge, zangon ayarin Azbinawa masu gishiri, raƙuma a gurfane, ga kuma dokin ƙarfe yana huci da hayaƙi ba nisa da su. Larabawan Turabulus da suka gaji fataucin Sahara suna kallon kasuwarsu tana juyawa zuwa teku. Kuɗin gyaɗa ya fara shigowa, wanda daga baya ya haifar da dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari, ta cika da ma'aikatan jirgi da akawu da kafintoci daga Ikko da sauran garuruwan bakin teku, kowa da yarensa. A 1925 jiragen sama na sojan Ingila suka sauka a Kano, na farko a Najeriya. Duk wannan cikin shekara ashirin da 'yan kai. A ce maƙerin cikin birni ne ya haɗa kai da direban jirgi ɗan Sabon Gari suka gano sirrin tukunyar tururi, suka ƙera abin da Razdan bai da labarinsa. A ce akwai aljanin da layin dogo ya ratsa ta gidansa. Wannan kaɗai zai ci littafi goma, kuma kowane kashi zai iya buɗe sabuwar unguwa.

Wani zai ce injuna baƙin abu ne a labarinmu. Ban yarda ba. A Dare Dubu da Ɗaya akwai dokin katako mai tashi sama idan an murɗa masa maɓalli, kuma tun 1206 Al-Jazari ya rubuta littafi kan na'urori masu motsi da kansu, har da agogon giwa mai aiki da ruwa. Masu damuwa da batun tsafi kuwa sun san yadda marubutanmu suka saba warware shi: boka yakan sha kaye a hannun mai dogaro da Allah, kuma zuwan injin ba zai canza wannan ba.

Abin da zai canza shi ne yawan aikin marubuci. Birnin da ka ƙirƙira babu mai ƙaryata ka a kansa, amma idan ka sa Ƙofar Nasarawa inda ba nan take ba, ɗan Kano zai kama ka a shafin farko. Dole a leƙa Gidan Makama, a je tsohuwar tasha a ga yadda take, a zauna da dattawan da iyayensu suka yi aikin reluwe. Yanzu da labaran nan suka koma waya, ana sauraronsu kashi-kashi a YouTube, ana tura su ta WhatsApp, marubuci ba ya ma buƙatar kuɗin ɗab'i kafin ya gwada kashin farko ya ji abin da masu sauraro za su ce.