Ɗakin Haya Ba Wurin Wanki, Rabin Ɗaki Ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, in an gama girbi samarinmu da yawa sukan tafi cin rani. Wasu su nufi Yamai, wasu Maraɗi, wasu Damagaram. Wanda ya samu aiki ya zauna, sai ya kama ɗaki ya aiko a kai masa iyalinsa. Maganar wannan ɗaki muke so mu yi yau.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Yamai sun haura miliyan 1, kuma tun lokacin garin ƙaruwa yake yi. Masu neman ɗaki sun yi yawa. Don haka wasu masu gidaje suka samu hanya. Mutum ya sayi fili, ya jera ɗakuna 10 ko 12, bai bar ko taku biyar na tsakar gida ba. Famfo guda, makewayi guda. Wurin wanki babu, wurin shanya babu, ramin zuba ruwan dauɗa babu. Sannan ya ba dillali makulli ya ce a nemo masa ƴan haya.

Mu muna cewa wannan zalunci ne. Ɗakin da ba a tanadi wurin wanki ba rabin ɗaki ne, bai kamata a karɓi cikakken kuɗi a kansa ba.

Ku duba lissafi. Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Mu ɗauki misali: ciki da falo, jika 25 a wata. Mai gida ya ce a ba shi na wata 3 tun kafin a shiga, jika 75 ke nan. Dillali ya ce nasa na wata guda, jika 25. An tashi jika 100, fiye da albashin wata 2 na ƙaramin ma'aikaci. Duk wannan kuɗi, kuma matarsa ba ta da inda za ta ajiye bahon wanki!

To, ina take yin wankin? A ƙofar ɗaki, ko a bakin titi. In ta gama, ta watsa ruwan sabulu a hanya, don ba wani wuri. Gida 10 su yi haka, lungu ya zama kwatami. Ruwan da ya kwanta shi ne gidan sauro da ƙuda. A ciki yara ke wasa. Ba mu manta da cutar amai da gudawa da ta kama jihar Maraɗi a 2018 da 2021 ba. Cuta ce da ke bin ƙazanta da ruwan sha marar tsabta. Mai gidan da ya haɗa mutum 40 a makewayi guda, ya bar ruwan dauɗa yana malala, yana buɗe wa irin wannan cuta ƙofa.

Akwai kuma faɗa. Famfo guda, mata 10, kowa da tulin kayanta. Wannan ta ce ita ta riga, waccan ta ce an zubar mata da ruwa a ƙofa. Ƙarshen wata takardar ruwa ta zo, a raba daidai, gwauro mai riga biyu ya biya kamar mai ƴaƴa 7. In famfon ya ɗauke, sai ƴan garuwa, kowace jarka da kuɗinta. Ɗakin da aka ce mai araha ne, ashe shi ya fi tsada.

Masu gidaje suna da amsarsu. Sukan ce siminti ya yi tsada, fili ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma wanda ya iya gina ɗaki 12, zai kasa yin daɓe guda da rami mai murfi? Ya gina 11, ya bar wurin na 12 don wanki da shanya. Sukan kuma ce ƴan haya ɓarnar ruwa gare su. To, a sa wa kowane ɗaki mitarsa, kowa ya biya abin da ya sha.

Dillalai kuwa sun samo sabon daɗin baki. Sai su ce akwai ciki da falo na zamani, har da injin wanki a ciki. Injin wanki abu ne mai kyau, yana hutar da mace. Amma ba ya aiki sai da wutar lantarki da ruwa. Wanda ya zauna Yamai a watan Afrilu da Mayu ya san yadda wuta da ruwa ke ɗaukewa. Kuma irin wannan gida na manyan ma'aikata ne. Talaka ba inji yake roƙo ba. Famfo yake so, da daɓe, da rami, da igiyar shanya.

Mu ma ƴan haya da namu laifi. Muna biya cikin gaggawa, ba mu duba ba. Ɗan'uwa, kafin ka ba da ko dala, je ka ga gidan da idonka. Murɗa famfo ka ga ko yana zuba. Tambayi matan gidan inda suke wanki da inda ruwan ke tafiya. Ƙirga ɗakuna, ka ƙirga makewayi. Tambaya ko ruwa na cin unguwar da damina, don a 2020 kogin Isa ya cika ya rushe gidaje da yawa a Yamai, musamman a hayin Harobanda.

Sannan a rubuta. Kuɗin wata nawa, abin da ka bayar tun farko nawa, wa zai biya ruwa, wa zai yashe rami in ya cika. Mai gida ya sa hannu, ka sa hannu, shaidu 2 su sa. Duk wata in ka biya, karɓi takardar shaida ka adana. Maganar baki iska ce, takarda ba ta mantuwa. Ga amfanin karatun da kuke yi da dare a ajin yaƙi da jahilci.

Hukumomin gari kuma, ku da ke ba da izinin gini: kada ku yarda a gina gidan haya ba wurin wanki da ramin ruwan dauɗa. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa ɗan'uwansa kafin ya hau mota.